Yadda ake cire tabo da farin gari daga jikin jirgin ruwa na alminiyom

Duk wanda ke da jirgin alminiyom a bakin kogi nan Yamai ya san abin da jan ruwan Agusta da Satumba ke bari: wani jan zobe a jikin jirgi, daidai inda ruwa ya tsaya, ga kuma gansakuka a ƙarƙashi. In aka ajiye jirgin ya kwana biyu a tudu, sai wani farin gari ya fito, kamar an barbaɗa masa alli. Mutane kan ce ya yi tsatsa. Ba irin tsatsar ƙarfe ba ce. Alminiyom da ya haɗu da iska yakan yi wa kansa wata siririyar fata da ke kare shi, kuma ita ce ke dushewa ta yi fari. Don haka ba kankare jirgin za ka yi ba, dattin sama kawai za ka cire, ka bar lafiyayyen ƙarfen.

Ka fara da fito da jirgin daga ruwa, ka ja shi nesa da gaɓa, don kada ruwan wankin ya koma kogi inda masunta ke jefa taru, mata ke wanki. Ka kife shi a kan tsofaffin tayoyi, a inuwa. Da sassafe ake wannan aiki. A watan Afrilu, da zafi ke wuce digiri 40, ƙarfen kan ɗau wuta tun hantsi, duk abin da ka shafa zai bushe nan take ya bar zane-zane.

Sai wankin farko: ruwa mai yawa, sabulun wanke kwanoni na ruwa, da soso mai laushi ko burushin roba. Laka, gansakuka da maiƙon inji duk za su tafi a nan. Ka ɗauraye ka duba abin da ya rage.

A nan ne ake yawan ɓarna, don hannu kan kai ga abin da aka saba da shi a gida. Kada ka sa javel, ruwan nan na faranta tufafi. Kada ka sa soda ta yin sabulu, ko ruwan toka. Suna cin alminiyom, su bar shi da baƙi-baƙi da ƙananan ramuka. Sosan ƙarfe da ake goge tukunyar dalma shi ma ka ajiye shi. Tukunyar da ake zubi a kasuwar Katako kauri gare ta, in ta lalace a narka ta a sake zubi, jirgi kuwa falle ne siriri. Ban da ƙarzar da yake yi, sosan kan bar ɓurɓushin ƙarfe a jikin jirgin, wanda da ya jiƙe sai ya yi tsatsa ya fara huda wurin. Ruwan batir kuma ko kusa.

Abin da ke aiki shi ne tsami mai sauƙi. Ka haɗa farin binigar da ruwa, rabi da rabi. In babu, ruwan lemun tsami ko jiƙon tsamiya da aka tace zai yi, sai dai tsamiya na son ɗauraya sosai saboda danƙo. Ka gwada a wani lungu tukuna, musamman in jirgin na da fenti. In babu matsala, ka riƙa ɗaukar wuri kamar kamu biyu ko uku, ka shafa daga ƙasa zuwa sama, ka bar shi ƴan mintuna ba tare da ya bushe ba, ka goge da sosan roba ta fuska ɗaya, sannan ka kwara ruwa. Jan zoben nan sai an maimaita masa sau biyu ko uku. Kuma kada binigar ya haɗu da javel a bokiti ɗaya, iskar da ke tashi guba ce.

Akwai magungunan kanti na haskaka alminiyom. Suna da sauri, amma wasunsu na ɗauke da asid mai ratsa fata har ƙashi. Ni dai ba na kai musu hannu sai binigar ya gaza. In dole ne, ka karanta abin da ke jikin kwalbar, ka sa safar hannu ta roba da tabarau, ka kori yara daga wurin.

Inda farin garin ya yi kauri har yana da kaushi, ka jiƙa samfefa mai lamba 400 ka bi shi a hankali, ka koma 600, in kana son sheƙi ka kai 1000. Wurin da ya kamu kawai, ba jirgin duka ba. Kana yi kana duba kawunan ƙusoshin haɗi da layin walda. Rami mai zurfi ko ƙusa mai motsi ba aikin wanki ba ne, na mai waldar alminiyom ne. Ka leƙa cikin jirgin ma: guntun wayar tagulla ko tsohuwar ƙusa da ya kwanta a ruwan da ya taru a ƙasa ya isa ya ci wurin.

Bayan ɗaurayar ƙarshe, ka tsane shi da tsumma, ka shafa man goge ƙarfe kaɗan-kaɗan. Tsumman zai yi baƙi ƙirin, haka ake so. Ka bi da kakin goge mota don laka ta rage kamawa. Daga nan, duk ranar da ka fito daga kogi ka watsa masa ruwa mai tsabta, ka kife shi ya tsane kafin dare.