Yadda ake gane katantanwa mai ƙaya ta zurfin teku

Duk wanda ya fara riƙe katantanwar dodon koɗi mai ƙaya, ƙayar ce take fara ɗauke masa ido, kuma ita ce take fara yaudararsa. Dangogi da ba su haɗa komai na kusa ba sun fito da ƙaya, kowanne ta hanyarsa. Saboda haka ka bar ta sai daga baya, ka fara da abin da ba ya ruɗi.

Da farko ka wanke ta da ruwa da burushi mai laushi. Kada ka kusantar da ita ga asid, domin katantanwa alli ce, narkewa za ta yi. Sai ka riƙe ta tsini sama, bakinta yana kallonka. A mafi yawan dodon koɗin teku bakin yana ɓangaren dama. Ka auna tsawonta da milimita daga tsini har ƙasa, ka rubuta.

Yanzu leƙa cikin bakin. Idan ka ga yana sheƙi kamar lu'ulu'u, bakin kuma zagayayye ne ba shi da wani bututu a ƙasansa, to ba 'yar dangin Muricidae ba ce, dangin da za mu zo kansa nan gaba. Mai yiwuwa Guildfordia ce ka samu, 'yar dangin Turbinidae, wadda ake kamawa a ruwan Japan da Filifin. Faffaɗa ce, ƙayoyinta sun fito daga gefe sun bazu kamar hasken tauraro. Guildfordia triumphans tana da ƙaya matsakaiciya, ta Guildfordia yoka kuwa ta fi tsawo sosai. In murfin da dabbar take toshe baki da shi yana nan, ka taɓa shi: na wannan dangi mai tauri ne kamar dutse, na sauran da za mu ambata kuwa siriri ne, launin ƙasa, kamar farce.

Idan ciki babu sheƙin lu'ulu'u, kuma bakin ya zarce ƙasa ya zama doguwar kwata, nan ne aikin yake. Ta wannan kwata dabbar take miƙa bututun da take jan ruwa da shi. Dangi biyu ne suke rikita mutane a nan, kuma yadda ƙayar ta jeru ne yake raba gardama.

Ka juya katantanwar a hankali. Idan ƙayoyin suna zaune a kan wasu kaurara da suka taso daga sama zuwa ƙasa, to Muricidae ce, dangin da masanin halittu Rafinesque ya raɗa wa suna a 1815. Kowane kauri tsohon leɓe ne, inda dabbar ta dakata da girma ta ƙarfafa bakinta kafin ta ci gaba. Ka ƙirga su a zagaye ɗaya. Jinsin Murex, wanda masanin halittu Linnaeus ya ba suna a 1758, uku yake da su, kuma dabbar takan narkar da tsohuwar ƙayar da ta tare mata hanya idan za ta ƙara girma. Sai dai shahararriyar Murex pecten, mai kama da matajin kai, ba ta ainihin zurfi ba ce. Na zurfin su ne irin su Pagodula, farare, masu siririn ƙwanso da tsoffin leɓɓa da yawa kamar ganye, kowanne ya ɗaga ya zama ƙaya a kafaɗa, wato inda kowane hawa na katantanwar ya lanƙwasa. Pagodula echinata tana Bahar Rum da gabashin Atlantika. Akwai kuma Babelomurex, masu zama a kan murjani suna tsotsarsa, har ba su da harshen nan mai haƙora da sauran dodon koɗi suke kankara da shi.

Idan kuwa babu waɗannan kaurara, ƙayar ta bi layi guda tana zagaye kafaɗar kowane hawa, kwatar kuma ta miƙe siririya kamar allura, ka duba Columbarium. Columbarium pagoda ta Japan ce aka fi sani. An daɗe ana lissafa su cikin Turbinellidae kafin a ware musu dangin kansu, Columbariidae, don haka kada ka yi mamaki in tsohon littafi ya saɓa wa sabo.

Abu na gaba yana bukatar gilashin ƙara girma. A can ƙololuwar tsini akwai ɗan ƙwanson da dabbar ta fara rayuwa da shi. In ƙaramin dunƙule ne mai zagaye ɗaya ko ɗaya da rabi, jaririn bai yi yawon neman abinci a saman ruwa ba, kuma irin wannan jinsi yakan taƙaita a yanki ɗaya. In zagayen ya kai uku, ya yi yawo, jinsin kuma yakan bazu nesa. A ganina wannan ɗan wuri ya fi dukan ƙayoyin amfani, ga shi kuma shi ne yake fara gutsurewa a cikin koma.

Daga nan sai takarda: wurin da aka kamo ta, zurfin ruwan da mita, da ranar. Jinsuna biyu sukan yi kama matuƙa, wurin ne kawai zai nuna maka wanne za ka fara zato. Ka kwatanta da hotuna, sannan ka nemi sunan a WoRMS, rumbun sunayen halittun teku da ke intanet, don ka ga ko har yanzu shi ake amfani da shi. In ƙololuwar ta karye kuma babu murfi, ka tsaya a sunan dangi, ka sa alamar tambaya a gaban sauran.