Yadda ake gane Jaguar E-Type ta farkon ƙira kafin dillali ya yi maka wayo

Duk wanda ya fara sha'awar tsofaffin motocin Ingila, da ya hango E-Type mai fitila cikin murfin gilashi sai ka ji ya ce ai wannan 'yar fari ce. Ba haka abin yake ba malam. Fitila mai gilashi an yi ta tun daga 1961 har zuwa 1967, motoci ne dubbai. Wadda ake rububi a kanta a wurin gwanjo ita ce ta watannin farko, bayan an nuna motar a Janeba a watan Maris 1961, lokacin da masana'antar Jaguar ta Browns Lane a Coventry ke ta sauri tana canza abubuwa tana cikin ƙerawa. Kuma matsalar kenan, canje-canjen nan ba rana ɗaya aka yi su ba, kowanne da lokacinsa. Wanda bai riƙe wannan ba shi ake cuta. Ni ma saura ƙiris, zan zo kan labarin.

Ba zan tsaya bayanin mece ce E-Type ba, in har kana neman ta farko to ka riga ka san ta. Ka zo da tocila mai haske sosai, da ɗan madubi, da mayen ƙarfe, da kayan da ba za ka ji haushi ba in sun yi datti don sai ka kwanta a ƙasa.

Na farko, lamba. Kar ka kalli fenti, kar ka zauna a ciki, kar ma ka bari a tayar maka da inji tukuna don ƙarar injin nan tana ɗauke hankali. Ka ce a buɗe bonet. Akwai faranti a ɗakin inji mai ɗauke da lambar chasis da ta inji da ta bodi da ta giya, amma faranti abu ne da ake sayarwa sabo fil a buga masa duk abin da aka ga dama, saboda haka ni ban ɗauke shi shaida ba. Ka nemi lambar da aka buga a jikin ƙarfen firam na gaba, wanda ya gitta gaban inji, ta saman inda shokozoba ta dama ke kamawa. Mai rufin tanti da sitiyari a dama tana farawa da 850001, mai rufin ƙarfe sitiyari a dama 860001, mai tanti sitiyari a hagu 875001, mai rufin ƙarfe sitiyari a hagu 885001. In ka ga lamba ta fara da 1E to ka gama, wannan mai inji 4.2 ce da aka fara a ƙarshen 1964, mota ce mai kyau, ta ma fi daɗin tuƙi, amma ba ita muke nema ba. Sannan ka dubi sitiyarin da kansa, don mafi yawan motocin nan Amurka aka kai su, can ma XK-E suke ce mata, daga baya aka riƙa dawo da su Ingila ana mayar da sitiyari dama. Mota mai lamba 875 da sitiyari a dama an taɓa ta, ba laifi ba ne, sai dai a rage kuɗi.

Na biyu, makullin bonet. Motoci 500 na farko daga waje ake buɗe bonet ɗinsu, akwai ɗan murfi mai ƙyalli kamar ɗigon ruwa a kowane gefe, ƙasa-ƙasa bayan tayar gaba, ka ture shi ka zura wani makulli mai kamar harafin T ka murɗa. Daga baya aka mayar da abin buɗewar cikin mota kusa da ƙofa. Rabon 500 ɗin nan ka haddace shi: 385 masu tanti na hagu, 91 masu tanti na dama, 20 masu rufin ƙarfe na hagu, sai 4 kacal masu rufin ƙarfe na dama. Kaga kenan in lamba ta haura 875385 ko 850091 kuma ga makulli a waje, wani ne ya huda bonet ya liƙa. Aikin yini ɗaya ne wurin mai gyaran bodi. Ka duba ginshiƙin ƙofa ta ciki ko akwai ramukan abin buɗewa na ciki da aka toshe aka shafe da fenti.

Tunda bonet a buɗe yake, ka haska ƙarƙashin tagogin iskar nan guda biyu da ke samansa. A na farko daban aka yi su aka yi musu walda, za ka ga bakin faranti da tabon walda a jere ta ciki. A na baya tare da bonet aka matse su a injin matsa ƙarfe, sumul ba haɗi. Waɗannan sun ɗan daɗe bayan an daina makullin waje, saboda haka mota tana iya zama da tagogin walda ba makullin waje kuma ta zama gaskiya. Amma akasin haka, wato makulli a waje da tagogi sumul, sai ka tambayi ina bonet ɗinta na asali. Galibi an taɓa buga gaban ne, hancin motar nan dogo ne direba ba ya ganin ƙarshensa.

To yanzu ƙasan motar, inda nake so ka nutsu, don nan ne kowa ke faɗawa. Na farko ƙasansu a shimfiɗe yake, daga ƙarƙashin kujera har wurin totur da burki ba wani rami, shi ne dillalan Ingila ke rubuta flat floor da manyan baƙaƙe a talla. Dogayen mutane suka yi ta ƙorafi gwiwarsu na bugun sitiyari, sai a farkon 1962 kamfani ya zurfafa wurin ajiye ƙafa kamar kwano. Bayan wasu watanni a cikin shekarar kuma aka lotsa bangon da ke bayan kujeru don kujera ta ƙara ja baya. Kuskuren da ake yawan yi, har a rubuce za ka gan shi, shi ne a ce motoci 500 ne kawai masu shimfiɗaɗɗen ƙasa. Ina! 500 na makullin waje ne. Shimfiɗaɗɗen ƙasa ya ci gaba watanni bayan nan, sun haura dubu biyu. Duk mai makullin waje ƙasanta a shimfiɗe ya fito, amma ba duk mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ke da makullin waje ba, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Ga abin da ya same ni. Wani maigidana ya ce in raka shi mu ga wata a hannun wani dillali, ja ce mai tanti, sai sheƙi take. Na ɗaga kafet na ga ƙasa a miƙe kamar faranti, na leƙa gefe ga makulli a waje, wallahi har na fara yi wa Alhaji raɗa cewa kar mu bari ta kwana. Allah ya taimake mu mun tafi da wani tsohon bakanike wanda ya shekara talatin yana taɓa irinsu, shi bai ce uffan ba, sai ya tura kujerar direba gaba ya zura hannu bayanta ya shafa bango, ya kamo hannuna ya ɗora a wurin. Lotsawa ce, ga ta nan hannuna ya shige. Motar da aka lotsa wa bango ta riga ta wuce zamanin shimfiɗaɗɗen ƙasa. Muka koma firam muka goge maiƙo, lamba ta fara da 878, wato ta can cikin 1962. Abin da ya faru, ƙasanta ya ruɓe da tsatsa kamar yadda kusan dukkansu ke yi, da aka zo sa sabo sai aka sa irin na farko, tunda ana ƙera farantan sababbi iri biyun duka ana sayarwa. Wanda ya yi aikin ya manta da bangon baya ko kuma ya ga wahalarsa ta yi yawa. Ranar kunya kamar in nutse, don ni na tsallake matakin lamba da nake gaya maka yanzu.

Saboda haka ga yadda nake yi tun daga ranar. Ka durƙusa a gefen motar ka kalli ƙarƙashinta daga nesa kaɗan, ta baya za ka ga kwanon ƙafar ya leƙo ƙasa, ta farko kuwa layi ɗaya ne a miƙe. Sai ka kwanta ka bi bakin farantin da tocila inda ya haɗu da dogarin ƙofa da kuma ramin giya. Waldar kamfani ɗige-ɗige ce a jere, tazararsu ba ta cika zama daidai ba don hannu ne ya yi. In ka ga doguwar walda an goge ta da giranda, ko an lafta baƙin kwalta mai kauri a wuri ɗaya sauran wurin babu, an canza. Ka bi da mayen ƙarfe, inda ya ƙi kamawa an cika da fila. Kuma canza ƙasa ba zunubi ba ne fa, motar da ta haura shekara sittin a ƙasar da ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi da wuya ta tsira da nata. Abin da kake nema shi ne irin ƙasan da aka sa ya dace da lambarta. Akwai ma juyin wannan, mota ta farko ta gaskiya wadda mai ita tun a shekarun 1960 ya gaji da takura ya sa aka yanka aka sa mata kwano. Irin wannan in ka same ta lamba ta yi daidai, bangon baya a miƙe, ni a wurina ta fi waccan mai sheƙin daraja nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ta fi araha don masu kallon sama-sama suna wuce ta.

Na gaba, inji. Silinda shida ne, 3.8, da kafireta uku ƙirar kamfanin SU a jere. Lambarsa tana farawa da R, a ƙarshe akwai 8 ko 9 bayan ɗan layi, tana jikin bulok saman filtar mai, kuma an sake buga ta a kan tof ta gaban kwarin da fulogi suke. Su biyun su zama ɗaya, su kuma dace da faranti. Tof ɗin na farkon-farko launin kabewa aka shafa masa, daga baya aka koma ruwan zinariya, amma wannan gwangwanin fenti ɗaya ne ke raba su, kar ka biya ko fam ɗaya saboda launi. Dainamo ya kamata ka gani ba alteneta ba, kuma batir ɗin kan fositif ne ke zuwa bodi, ka kiyaye wannan in za a yi mata jamfa kar a ƙona wani abu. Abin da nake so ni, wanda masu haɗa ƙarya suka fi mantawa, shi ne kayan wuta na kamfanin Lucas, dainamo da kik da motar waifa duk akwai wata da shekara a buge a jikinsu, misali 5 61. Ya kamata su riga ranar ƙera motar da 'yan makonni ko watanni, ba su biyo bayanta ba.

Giya ta kamfanin Moss ce, lambarta da EB take farawa, giya ta ɗaya ba ta da sinkuro, wato abin da ke daidaita gudun haƙoran giya don ta shiga sulɓi, tana kuka kuma sai ka tsaya cak take shiga lafiya. In ka ji tana shiga sulɓi kamar Corolla an sa mata ta 4.2, mutane da yawa sun yi haka kuma ban ga laifinsu ba, amma ka tambaya ko tsohuwar tana nan a ajiye a haɗa maka da ita.

Ciki kuma da sauri: tsakiyar dashbod da saman ramin giya farin alminiyom ne, na farko mai ɗige-ɗige, daga baya a 1962 aka canza zanen ya koma gicciye, a 1963 aka rufe da baƙar leda. Kujeru ƙanana ne masu zagayayyen baya, suna da kyau a ido amma tafiyar awa biyu bayanka zai gaya maka. Maɓallan wuta 'yan sanduna ne da ake ɗagawa. A murfin but sunan Jaguar kawai ke rubuce, ba 4.2. Fitilun baya suna saman bamba. Gilasan motar, ƙirar kamfanin Triplex, ma suna da ɗigo a ƙarƙashin harufan rubutunsu da ke nuna shekara, in ɗigon yana ƙarƙashin T ta farkon kalmar TOUGHENED to shekarar da 1 ta ƙare.

Na ƙarshe, takarda. Jaguar Daimler Heritage Trust, gidauniyar adana tarihin Jaguar da ke Gaydon a Ingila, suna riƙe da littattafan masana'anta, ana biyan kuɗi kaɗan su ba da satifiket mai ranar ƙera mota da lambobinta da launinta na asali da inda aka fara tura ta. In dillali ya miƙo maka nasa ka karɓa ka gode, amma ka ɗauki hoton lambobin da idonka ya gani a jikin ƙarfe ka gwada su ɗaya bayan ɗaya da abin da ke takardar, har ta bodi, wadda R ke gabanta a mai tanti, V a mai rufin ƙarfe. In ya ce ana sauri akwai wani mai saye yana hanya daga Landan, ka ce masa to Allah ya kawo shi lafiya, kai sai Litinin za ka dawo da bakanikenka a ɗaga ta sama.