Yadda Ake Miƙe Tsokar Ɗuwawu da Ƙugu Ga Mai Farawa

Dogon zama a kujera ko kan babur yana sa tsokokin ƙugu su ɗaure. Kafin komai, ka yi tafiyar minti 5 jiki ya ɗumama, don tsoka mai sanyi ba ta son ja.

Kwanta rigingine a kan tabarma, ka lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ɗora idon sawun dama a kan cinyar hagu, dab da gwiwa. Saƙala hannuwa ta bayan cinyar hagun, ka jawo ta a hankali zuwa ƙirji har ka ji ja a ɗuwawun dama. Tsaya a haka daƙiƙa 20 zuwa 30 kana numfashi a natse, sannan ka sauya ƙafa. Sau 2 ko 3 kowane ɓangare ya isa. Da yawa sukan ɗaga kai da kafaɗu, sai wuya ya ƙage a banza. Idan hannunka bai kai ba, zarga tawul ta bayan cinyar. Kada ka riƙa fizga, fizga tana sa tsoka ta ƙara ɗaurewa.

Don gaban ƙugu kuwa, durƙusa da gwiwa ɗaya a kan matashi, ɗaya ƙafar a gaba. Matse ɗuwawu, ka tura ƙugu gaba kaɗan. Kada ka gantsare, in ba haka ba jan zai koma ƙashin baya.

Kwana 3 a mako ya wadatar. Idan ka ji zafi mai soka, ko wani abu kamar lantarki yana gangarowa ƙafa, dakata ka ga likita.