Sifirin Fistol: Inda Masu Lasisi Suke Yawan Kuskure

Wani maƙwabcina a unguwar Nima ta Accra, mai shagon canjin kuɗi, ya kawo mini kukan fistol ɗinsa wadda yake da lasisinta daga 'yan sanda. Ya ce, "Malam, bindigar nan ta fara tauna kwanso." Da muka kwance ta sai ga sifiri (wato recoil spring, lanƙwasasshen ƙarfen da ke maido da murfin bindiga) mai ƙarfin laba 22 a cikin fistol samfurin Glock 17, alhali na kamfani laba 17 ne. Wai wani ne ya ce masa mai tauri ya fi rage naushin da bindiga ke yi baya idan an harba.

Wannan shi ne babban kuskuren. Aikin sifirin shi ne ya tare murfin saman bindiga idan ya ja baya bayan harbi, ya maido shi gaba ɗauke da sabon harsashi. In ya yi tauri da yawa, harsashi mai sauƙi irin na giren 115 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) ba zai iya tura murfin har ƙarshe ba. Sai kwanson harsashi ya maƙale a tsaye a bakin tagar da yake fita ta ciki, ko murfin ya ƙi tsayawa a buɗe bayan harsashin ƙarshe, ga bakin bindiga yana dunguri ƙasa duk lokacin da ya rufe. Magani: a mayar da nauyin kamfani. Na fistol samfurin 1911 mai cikakken tsawo, mai cin harsashin .45, laba 16 ne.

Masu sassautawa su ma ba su tsira ba. Sifiri mai laushi yana barin ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe, kuma a irin su Glock yana iya kasa rufe murfin ruf, wanda haɗari ne.

Ka lura da inda kwanso yake faɗuwa, shi zai ba ka labari. In ya sauka wajen taku biyu zuwa uku daga gefenka, lafiya lau. In yana zubowa kan takalminka, sifiri ya fi ƙarfin harsashin. In yana tashi can nesa kamar an jefa da majajjawa, ya yi laushi ko ya gaji.

Gajiyar nan ma mutane ba sa lissafa ta. Bayan harbi 3,000 zuwa 5,000 a sauya shi, kuma iskar teku ta Accra ba ta raga wa ƙarfen da aka ajiye babu mai. Ajiye tsoho kusa da sabo, za ka ga ya gajarce.

Wajen saye kuwa, sunan bindiga kaɗai bai isa ba. Glock Gen 4 (ƙira ta huɗu) sifiri biyu take ɗauka a haɗe, ba ya shiga Gen 3 (ƙira ta uku).

Sai dai ni a ganina, rabin laifin da ake ɗora wa sifiri ba nasa ba ne. Gidan harsashi da ya lotsa, datti, ko riƙon sakainar kashi duk suna kawo irin wannan maƙalewa. Cire gidan harsashi, tabbatar babu harsashi ko ɗaya a cikin bindigar, wanke, sannan ka sauya abu ɗaya tak kafin ka koma filin gwaji. Maƙwabcin nawa ya mayar da laba 17, ya harba 50 a jere, ko ɗaya bai maƙale ba.