Babi Na Shida: Garin Ciyawar Teku a Abincin Zomo da Abin da Jini Ke Nunawa

Darasi na 1

'Yan uwa, ciyawar teku tsiro ne da ke fitowa cikin ruwan gishiri. Ana noma ta a Zanziba da Indunusiya da Sin, a shanya ta, a niƙa ta zama gari. Akwai koriya, akwai ja, akwai mai ruwan ƙasa. Tana ɗauke da gishiri da sinadarin aidin mai yawa, wanda ake sa wa gishirin miya don maganin maƙoƙo. Kaɗan yana amfani, da yawa yana cutarwa.

Darasi na 2: Awo

A nan kowa ke tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Masu binciken da suka gwada koriyar a kan zomaye a Masar da Saudiyya sukan zuba kashi 1 ko 2 cikin 100 na abinci. Mu za mu tsaya a kashi 1.

Kilo 1 giram 1000 ne. Kashi 1 cikin 100 na kilo shi ne giram 10. Ku rubuta: abinci kilo 1, gari giram 10. Ku sake rubutawa. Madalla.

Ɗora kwano a kan sikeli babu komai ciki. Danna maɓalli har lamba ta koma 0. Sifili ke nan, mai kama da ƙwai. In ba ka ga 0 ba, kada ka zuba, domin nauyin kwanon zai shiga lissafi. Yanzu zuba garin kaɗan-kaɗan har ka ga 1 da 0 a jere. Goma ke nan. In ka ga 1 da 0 da wani 0, ɗari ce, wato ya yi yawa har ninki goma, kwashe ka sake.

Kilo 2 fa? Giram 20. Kilo 5? Giram 50. Wanda bai gane ba ya koma sama, ba abin kunya ba ne.

Amma don Allah a daina ɗiba da hannu ana cewa "ai na saba". Hannun Malam da na Hajiya ba ɗaya ba ne. An faɗa an maimaita, har yanzu wasu tafi guda suke watsawa cikin dusa, gobe su zo suna kukan zomo na zawo. Abinci kilo 1, gari giram 10, a sikeli. Fara cuɗa garin da ɗan abinci a kwano, sannan ka juye cikin sauran, don kada zomo guda ya cinye rabon kowa. A ajiye ruwan sha isasshe saboda gishirin.

Darasi na 3: Jini

Likitan dabbobi ne ke ɗibar jini, daga jijiyar gefen kunne. Kada ka gwada da kanka. A takardar sakamakon gwajin jinin za ka ga ALT da AST, wasu sinadarai biyu da ake aunawa don duba lafiyar hanta: in sun haura sosai, hanta na wahala. Yuriya da kiratinin na nuna aikin ƙoda. Akwai kuma furotin da sukari da kitsen jini. A kai har da jinin zomon da bai ci garin ba, don a kwatanta.

Darasi na 4

In zomo ya ƙi ci ko ya fara zawo, dakatar da garin, kira likita. Ajiye buhun inda babu danshi.

Aiki: giram nawa za a zuba wa kilo 3?