Kurakuran da aka fi yi wajen rarrabe ƙumbar teku ta dangin Veneridae

Ɗalibin ilimin halittu a Gombe yakan haɗu da ƙumbar teku ne a littafi ko a akwatin ɗakin gwaji, kasancewar tekun da ya fi kusa da mu yana can kudancin ƙasa, kuma wannan nisa na daga cikin abin da ke sa wasu kurakurai suke ta maimaituwa. Dangin Veneridae, wanda Rafinesque ya raɗa wa suna a 1815, ya ƙunshi ɗaruruwan nau'o'i a cikin ajin Bivalvia, wato halittu masu ɓawo biyu, kuma da yake yana cikin dangogin da suka fi girma, shi ake yawan jingina wa duk ƙumbar da aka rasa inda za a sa ta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanke hukunci daga launi da zanen bayan ɓawo. Launi ba abin dogaro ba ne, domin Ruditapes philippinarum, 'yar wannan dangi, ita kaɗai tana fitowa da zane iri-iri a gaɓar teku guda. Gyaran shi ne a buɗe ɓawon a duba mahaɗarsa: 'yar wannan dangi tana da manyan haƙora uku a kowane ɓari, kuma jijiyar da ke riƙe ɓarin biyu tana waje ne. A cikin ɓawon akwai tabon tsoka biyu da layin da ya haɗa su, wanda a yawancinsu yakan lanƙwasa ciki ta baya, inda bututun shan ruwa ke komawa idan dabbar ta janye su. Wanda ya saba da wannan dubawa ba zai ruɗe da Senilia senilis ta gaɓar Afirka ta Yamma ba, duk da kaurin ɓawonta, saboda ita ƙananan haƙora ne jere a mahaɗarta kamar na mataji, abin da ke nuna 'yar dangin Arcidae ce. Haka kuma, idan aka ga rami mai kusurwa uku a tsakiyar mahaɗa inda jijiya ke zama ta ciki, to a fara tunanin dangin Mactridae.

Akwai kuma masu tsintar ƙumba a bakin kogin Gongola ko madatsar ruwa ta Dadin Kowa su laƙaba mata sunan dangin teku, don kawai ta yi kama da hoton littafi. Yawancin manyan ƙumbar kogunanmu suna ƙarƙashin rukunin Unionida ne, a dangogi irin su Iridinidae da Unionidae da Etheriidae. Cikin ɓawonsu yana da ƙyalli mai sauya launi wanda babu shi a Veneridae, kuma 'ya'yan yawancinsu sai sun maƙale a jikin kifi kafin su girma. Sai dai kada a ɗauka wurin zama kaɗai ya isa hujja, tunda Galatea paradoxa tana rayuwa a kogin Volta da kogin Kuros, alhali danginta na Donacidae galibi 'yan teku ne.

Duwatsun farar ƙasa na Ashaka suna da nasu tarkon. Gaskiya ne teku ya taɓa malale wannan yanki kimanin shekaru miliyan 90 da suka wuce, kuma ana samun burbushin ƙumbar teku a wurin, amma sau da yawa ɓawon ya narke, laka ce kawai ta daskare da siffar cikinsa. A ganina, idan haƙoran mahaɗa ba su fito ba, ya fi dacewa ɗalibi ya tsaya a kan Bivalvia maimakon ya ƙaƙaba sunan dangi da ka.

Wajen rubutu ma ana cakuɗa matakai. Sunan dangi yana ƙarewa da -idae, na ƙaramin dangi da -inae, na babban dangi kuma da -oidea, saboda haka Veneroidea da Veneridae da Venerinae ba abu ɗaya ba ne. Sunan jinsi da babban baƙi yake farawa, na nau'i da ƙarami.

Tsohon littafi yakan ɓatar da mai karatu ba tare da ya sani ba. A 1758 Linnaeus ya zuba nau'o'i da dama a jinsin Venus, ciki har da Venus mercenaria ta gaɓar gabashin Amurka, wadda yanzu ake kira Mercenaria mercenaria, kuma saboda wannan sauyin jinsi ne ake sanya sunan Linnaeus da shekarar a cikin baka. Binciken ƙwayoyin gado ya sake jujjuya lissafin, har ƙatuwar ƙumba Tridacna, wadda a da take da danginta, ta koma ƙaramin dangi a cikin Cardiidae. Kafin a miƙa wa malami aiki, a gwada kowane suna a rumbun WoRMS ko MolluscaBase da ke intanet, inda ake nuna sunan da aka amince da shi a yanzu tare da tsofaffin da aka daina amfani da su.