Yadda ake zuba gas a firizar shago ko ɗakin sanyi ba tare da an lalata kwamfureso ba

Gas ɗin firiza ba ya ƙarewa kamar fetur, zagayawa kawai yake yi a cikin bututu rufaffe, saboda haka in ka ga ya ragu to akwai inda yake yoyo. Duk mai gyaran da ya zo ya ƙara gas bai nemi ramin ba, ba da jimawa ba sanyin zai sake ɗaukewa.

Da farko ka duba lakabin da ke manne a jikin injin, a nan aka rubuta sunan gas ɗin da nauyin da yake ɗauka. Manyan firiza da ɗakunan sanyi yawanci R-404A ne, firjin lemo mai ƙofar gilashi kuma R-134a ko R-290, tsofaffin injina za ka tarar da R-22 wanda ake ta janye shi tun bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda yana cinye ozon. Kar ka dogara da kalar silinda, ka karanta rubutun, kuma don Allah kar ka haɗa gas iri biyu wai ai duk sanyi suke yi, matsin kowanne daban ne, man kwamfureso, wato injin da ke matsa gas ɗin ya zagaya, ma daban, R-22 da man mineral ya saba su kuma R-134a da R-404A sai man roba da ake kira POE. In lakabin ya ce R-717 wato amoniya ko R-744 wato CO2, ka tattara kayanka ka kira waɗanda suka koyi aikin, amoniya guba ce kuma tana cin jan ƙarfe, shi kuma CO2 matsinsa yana iya wuce bar 100 a ma'aunin matsi, gejinka na auna matsi na yau da kullum ba zai ɗauka ba.

Sai ka kwashe sauran gas ɗin da injin kwashewa zuwa silinda ta daban. Kar ka sake shi a iska, kilo 1 na R-404A yana ɗumama duniya kamar kilo 3,900 na CO2, shi ya sa ma yarjejeniyar Kigali ta 2016 ta sa ake rage irinsu, ana komawa su R-448A da R-449A.

Yanzu neman yoyo, nan ne ainihin aikin yake kuma nan mutane suke gaggawa. Ka hura naitirojin busasshe ta hanyar ragileta, wato abin rage matsin silinda, kar ka wuce matsin gwajin da aka rubuta, kuma ko da wasa kar ka yi amfani da oksijin domin in ya haɗu da man kwamfureso, fashewa yake yi. Ka bi duk wajen walda da goro da bawul da kumfar sabulu, inda ka ga danshin mai ka fi sa ido nan, domin gas in zai fita da mai yake fita. In ka samu ka sauke matsin ka gyara, ka canza draya, wato matatar da ke tsotse danshi, tunda an buɗe layi, ka sake hurawa ka bar shi ya jima ka ga ko allurar geji ta sauka.

Daga nan sai bakyum, wato zuƙe iska da danshi daga cikin bututu. Kunna kwamfureso wai ya kori iska da kansa ba bakyum ba ne malam, famfon bakyum za ka sa har gejin bakyum ya sauka zuwa maikiron 500, ka rufe bawul ka jira, in lamba tana hawa to ko akwai danshi ko har yanzu akwai rami. Man POE yana shan danshi sosai, danshin kuma shi yake zama asid ya ƙona waya a cikin kwamfureso.

Wajen zubawa ka ɗora silinda a sikeli ka zuba daidai nauyin da lakabi ya faɗa, taɓa bututu da hannu ba awo ba ne. R-404A gauraye ne na gas uku, dole a ruwansa za a fitar da shi daga silinda in ba haka ba haɗin zai canza, ka zuba ta ɓangaren matsi mai yawa injin yana kashe, in kuma sai ka ƙarasa ta layin tsotsa yana aiki to a hankali kaɗan kaɗan, gas a ruwansa in ya faɗa cikin kwamfureso yana karya bawul. Shi R-290 furofen ne, yana kama wuta, ka buɗe ƙofofi, ba wuta ba sigari a kusa, kuma da yake yawancin ƙananan firji ba sa ɗaukar fiye da giram 150, ɗan ƙari kaɗan yana ɓata sanyin.

Ka kunna ka bar shi ya daidaita, ka duba matsi ta ɓangarori biyu da amfiya, wato yawan wutar da injin yake ja, sannan ka rubuta irin gas da nauyi da kwanan wata ka manna a jikin injin saboda mai gyara na gaba.